Wanda Ya Ci Gwanjo Sau Uku

Mai agogo mutum ne da Allah ya ba shi hannu, ya rage masa baki. In ka kai masa agogon da ya tsaya, sai ya kara shi a kunne kamar mai sauraren gulma, ya ce, "Jibi." Hira ta ƙare ke nan. Yatsunsa sirara ne, dogaye, masu laushi, don tun yana saurayi bai ɗauki abin da ya fi hantsaki nauyi ba. Matarsa takan ce da yatsun nan aka ɗaura mata aure, sauran jikin gyara aka ba ta.

Shagonsa ɗaki ɗaya ne mai ƙofar ƙarfe, manne da na wani tela. Bango uku cike da agogo, kowanne da nasa ra'ayin a kan lokaci. A kan teburi akwai fitila mai lanƙwasasshen wuya, da gwangwanaye cike da ƙananan ƙusoshi kamar yashi, da gilashin da yake maƙalawa a ido ɗaya. A nan ya yi furfura, a nan ya aurar da 'ya'yansa. Daga baya waya ta zo ta cinye sana'ar, kowa ya koma duba lokaci a aljihu. Ido kuma ya fara yi masa rowa. Sai ya yanke shawara: zai sayar da abin da ke bango, ya miƙa wa mai gini mabuɗinsa, ya koma gida ya miƙe ƙafa.

To wa zai saya? A unguwar babu. Tela ne ya nuna masa hanya, shi da ba abin da ke wuce shi sai salla a kan lokaci.

"Tsoho, akwai masu kuɗin da suka rasa abin yi da shi, suna can cikin waya suna neman tsofaffin kaya. Da kai ma zan sa ka, wallahi sai an taya."

"Sa kanka tukuna, mu ga ko za a kai kuɗin allura."

Haka mai agogo ya shiga shafin gwanjo. Abin ba wuya. Ka ɗauki hoton kaya ka ɗora, ka sa ranar rufewa, mutane su yi ta tayi. Wanda ya fi kowa a lokacin da aka rufe, shi ya ci. Shafin zai ba shi adireshinka da hanyar yi maka magana, ya biya, sai ka aika masa ko ya zo ya ɗauka. Mai agogo ya yi suna a wurin, domin shi ba ya ɓoye aibu. Yakan ɗauki hoton gaba da baya, sannan ya buɗe murfin ya haska ciki, kowa ya ga hanjin agogo da idonsa. Masu saye suka yi ta jera masa taurari, yana leƙa su da safe kamar mai kiwon kaji.

Amma kasuwa kasuwa ce, ko a cikin waya take. A kasuwar ƙasa, wanda ya taya aka sallama masa, kunya ma ta ishe shi ya laluba aljihu. A ta waya kuwa babu ido, balle kunya. Nan mai agogo ya san ire-iren 'yan Adam. Akwai wanda zafin takara ya kwashe shi, sai da aka ce ya ci ya tuna ba shi da ko na mota. Akwai mai cewa yaro ne ya danna wayar, kai ka ce yaran zamani da son tsohon agogo ake haihuwarsu. Akwai wani bawan Allah da uwarsa ta rasu ana gobe zai biya, mai agogo ya yi masa ta'aziyya har da addu'a. Bayan wata biyu ya sake cin wani gwanjon, uwar ta sake rasuwa.

"Ka ce masa Allah ya ji ƙanta," in ji tela, "amma ya daina tayi, don baiwar Allah ta huta da mutuwa."

Mai agogo ya koyi yadda ake yi da su. Ya jira kwanakin da shafin ya ɗiba, ya tura tuni cikin ladabi, ya sake turawa ba ladabi sosai. In shiru, ya kai ƙara, shafin ya soke cinikin, ya toshe mutumin, kaya su koma gwanjo. Ko kuwa ya juya ga na biyu a tayi ya ce, in kana so, an sallama. Abin ya zame masa kamar korar ƙuda. Bango ya yi ta yin fili, har ya rage agogo ɗaya a can ƙurya.

Babba ne, na baƙin katako, mai ƙofar gilashi da abin lilo na tagulla. Irin wanda ake murɗa wa mabuɗi sau ɗaya a mako. Kuma ba nasa ba ne.

Shekarun baya, lokacin gashinsa yana baƙi, wani direban babbar mota ya shigo da shi a naɗe cikin bargo. Dogo ake ce masa, sai ya sunkuya yake shiga ƙofa. Ya ce na ubansa ne, shi kaɗai ya gada. Ya ajiye kuɗin gyara ninki biyu tun ba a tambaye shi ba, ya ce, "Ka gyara, ka riƙe min. Zan dawo." Masu gyaran agogo suna da al'ada, sukan sa wata alama a cikin murfin baya don kada kayan mutane su cakuɗe. Mai agogo ya ɗauko fensir, Dogo ya ce a'a, fensir yana gogewa. Ya zaro wuƙa daga aljihu ya tsaga layi uku a katakon da kansa.

Bai dawo ba. Labarinsa ne ya dawo. Wai ya bar wa wani makanike ajiyar tayoyi, makaniken ya sayar, yana cewa ai an daɗe. Dogo bai yi hayaniya ba. Ya kama hannun mutumin ya ɗora a bakin ƙofar mota, ya rufe ƙofar, ya sake rufewa. Da 'yan'uwan makaniken suka taso masa, ɗaya bai tashi daga inda ya faɗi ba. Aka kai Dogo gidan yari, aka ce sai dai gawarsa ta fito. Daga nan duniya ta manta da shi, agogonsa kuma yana ƙurya yana shan ƙura.

Ranar da mai agogo ya sauko da shi zai ɗauki hoto, matarsa ta kawo masa abincin rana. Ta tsaya da kwano a hannu.

"Malam, wannan ba na mutumin nan ba ne?"

Ya nuna mata allon da ke bayan ƙofa, wanda aka rubuta cewa kayan da aka bari suka wuce wata shida za a sayar.

"Na gani," ta ce. "Amma allon nan bayan tafiyarsa ka rataye shi. Ta taga ka miƙa masa ya karanta?"

"Uwar yara, mutumin nan ya mutu."

"Ka je jana'iza?"

Ya ci gaba da kakkaɓe ƙurar agogon. Ta ajiye kwanon da ɗan ƙarfi. "Kowa ya ci ladan kuturu, ai ka san sauran."

Ya goge shi, ya zuba masa mai, ya ɗauki hotuna yadda ya saba. Gaba, baya, gefe. Sannan ya buɗe murfin ya haska fitila, don kada a ce ya ɓoye wani abu. Layukan nan uku suka fito a hoton ɓaro-ɓaro. Shi idonsa a kan hanjin agogo yake, bai ko lura ba.

Tayi ya yi kyau. Mutum biyar suna ta ture juna, cikinsu har da wata mata mai tara tsofaffin kaya, wadda ta saba saye a wurinsa kuma ba ta wasa da biya. Ana dab da rufewa wani ya faɗo daga sama, ya ninka kuɗin. Ba hoto, ba tauraro ko ɗaya, sunansa ma lambobi ne kawai. Mai agogo ya yi murna, har ya saya wa tela lemo.

Kwanaki suka wuce, shiru. Ya tura tuni, aka nuna an karanta, ba amsa. Wannan ya ɗan taɓa shi, don marasa biya mutane ne masu baki, ƙarya ba ta ƙare musu. Wanda bai ko damu ya kashe uwarsa ba, wane iri ne? Ya kai ƙara, ya toshe, ya mayar da agogo gwanjo.

A karo na biyu ma haka. Sabon suna, wasu lambobin, ana dab da rufewa, kuɗin da mai hankali ba zai taya ba. Amma wannan karon saƙo ya biyo baya, layi ɗaya:

"Mabuɗin yana nan da jan zarensa?"

Mai agogo ya karanta, ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa. Ya jawo aljihun tebur. Mabuɗin yana can ƙasa, ƙarƙashin tarkace, da jan zare a wuyansa wanda ya koɗe ya koma ruwan ƙasa. Bai taɓa ɗaukar hotonsa ba.

Ya kai wa tela wayar. Tela ya karanta da allura a baki, ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba.

"Kai, cinta ce kawai. Kowane mabuɗi ai da zare."

"Ja?"

"To shuɗi za a sa? Tsoho, ka toshe ɗan banza. 'Yan wasa ne, sun ga dattijo."

Ya kai ƙara, ya toshe. Sai dai daga ranar hannunsa ya fara yi masa gardama. Ƙusa ta suɓuce daga hantsaki, abin da bai faru ba tun yana koyo. In babbar mota ta tsaya a titi ta saki iska, sai ya ɗaga kai. Ya lura yana ɓoye hannuwansa a ƙarƙashin tebur in baƙo ya yi sallama. A gida matarsa ta ga yana juya cokali a kwano.

"Ruwa ba ya tsami banza," ta ce. "Ka mayar da shi bango, Malam. Me zai ci maka?"

Da ya ji. Amma namiji in ya tsufa, tsoro da taurin kai a tabarma ɗaya suke kwana. A ganinsa muddin agogon yana shagon, ba shi da kwanciyar hankali. In ya tafi kuwa, sai a rufe ƙofa, kowa ya zo ya tarar da kwaɗo. Ya ɗora shi karo na uku, ya gajarta kwanakin, ya kuma sa sharaɗi cewa marar tauraro ba zai taya ba.

Wanda ya ci yana da taurari biyu. Ya je ya sayi wasu 'yan tarkace a wani wuri, ya biya, don kawai ƙofa ta buɗe masa. Saƙonsa ya zo da hantsi:

"Na ga adireshin. Ashe ba ka tashi ba."

Mai agogo ya zauna ya zuba wa saƙon ido. Tela ya leƙo ya same shi haka.

"Yau ba ba'a," in ji tela. "Ka kira matar nan mai tara tsofaffin kaya, ita ce ta biyu a tayi. Ta biya yau, mai babur ya ɗauka gobe da safe. Ka rufe shago ka tafi wurin 'yarka ka sha iska. In ya zo, ni ban san ka ba, ban taɓa ganinka ba, ni da kai ko gaisuwa."

"Wa'adinsa bai cika ba. Doka ta ce in jira."

"Doka tana da yatsu? Kai ne mai yatsu."

Ya bi shawarar. Matar ta yi murna, ta biya nan take. Ya cire abin lilon ya naɗe a tsumma, ya kwantar da agogon a kwali, ya cusa takardu ta kowane gefe, ya jefa mabuɗin a ciki, ya ɗaure da igiya, ya rubuta sunanta da adireshinta da manyan baƙaƙe. Da safe ya zo da wuri ya zauna yana jiran mai babur, kwalin a kan tebur.

Hasken ƙofa ya ragu. Ya ɗaga kai da murmushin tarbar mai babur, murmushin ya bushe a inda yake.

Har yanzu sai ya sunkuya yake shigowa. Ya rame, riga tana lilo a kafaɗunsa, gemu ya yi fari fat, haƙoran gaba sun tafi. Hannuwan ne kawai shekaru ba su taɓa ba, suna nan kamar faranti. A shagon tela keken ɗinki ya yi tsit.

"Salamu alaikum, mai gyara."

"Wa alaikumus salam."

Dogo ya jawo benci ya zauna ba a ce masa bismilla ba. Ya dubi bangon da ya zama fili, ya dubi allon bayan ƙofa ya daɗe a kansa, sannan ya dubi kwalin. Ya sa yatsa ɗaya yana bin rubutun a hankali, leɓensa yana motsi.

"A can na koyi karatu," ya ce. "Akwai lokaci. Wannan ba sunana ba ne."

"Alhaji, wato abin da ya faru..."

"Ban je ba tukuna. Dogo dai."

"An ce min... mun ji an ce..."

"Na mutu? An faɗa min ni ma." Bai yi dariya ba. "Da na fito, wani a masaukinmu yana kallon kayan gwanjo a waya. Na ga agogo, na ce kamarsa. Sai ga ciki an buɗe, an haska. Na ga hannuna. Allah ya yi maka albarka da ba ka ɓoye aibu."

Mai agogo ya dubi kwalin. Hannuwansa suna ƙarƙashin tebur, ɗaya ya riƙe ɗaya.

"Na ci sau uku, ka kai ƙarata sau biyu. Wai ban biya ba." Dogo ya karkata kai. "Ban biya ba, mai gyara?"

"Ka biya."

"Nawa?"

"Ninki biyu."

"To buɗe."

Dole hannuwan suka fito. Igiyar da ya ɗaure da kansa ta ƙi kwantuwa. Dogo ya sa hannu a aljihu, ya zaro wuƙa, ya buɗe ta. Mai agogo ya rufe ido. Da ya buɗe, ƙotar ce ke fuskantarsa.

"Yanka da wannan."

Ya yanka. Ya fitar da takardun, ya ɗaga agogon ya mayar a ƙusarsa ta ƙurya, ya rataya abin lilon. Dogo ya miƙa hannu, aka sa masa mabuɗin. Ya murɗa a hankali, yana saurare, har ya cika. Ya taɓa lilon da ɗan yatsa. Agogo ya kama tafiya, sautinsa ya cika ɗakin da ba sauran wani agogo a cikinsa.

Ana haka mai babur ya yi sallama, ya ce ya zo ɗaukar saƙo. Ya dubi kwalin da aka farke, ya dubi Dogo tun daga ƙasa har sama, ya ce zai dawo. Bai dawo ba, yaron kirki.

"Gyara ya yi," in ji Dogo. "Hannunka yana da kyau." Ya miƙo nasa. Ba yadda za a yi, mai agogo ya ba shi. Tafin ya haɗiye yatsun gaba ɗaya. Bai matse ba. Ya riƙe ne kawai, yana juya su yana dubawa kamar mai tayin kaya, har lilon ya je ya dawo ba adadi.

"Ka ɗauke shi," mai agogo ya ce da ƙyar. "Zan biya motar da za ta kai maka. Ni rufe shagon zan yi."

"In kai shi ina? Mu takwas ne a ɗaki, ko ƙusa ba ni da ita." Ya saki hannun. Ya naɗe jan zaren a jikin mabuɗin, ya jefa a aljihu tare da wuƙar. "Ka riƙe min. Zan riƙa zuwa ina murɗa shi. Ubana bai taɓa barinsa ya tsaya ba, kai ka bar shi shekara da shekaru. Wannan na yafe." Ya tsaya a bakin ƙofa, a sunkuye. "Kada in zo in tarar da kwaɗo."

Bayan tafiyarsa tela ya leƙo da rabin fuska.

"Tsoho, ƙirga min yatsun. Goma ne?"

Mai agogo ya jawo wayarsa. Ya mayar wa matar nan kuɗinta da ban haƙuri. Ta ba shi tauraro ɗaya, ta rubuta cewa mai kayan nan yana karɓar kuɗi ya hana kaya, a yi hattara. Shi da ya sha kai ƙarar marasa cika ciniki, ga shi an rubuta shi a cikinsu. Matarsa ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta dai zuba masa abinci ta zauna tana kallonsa, wanda ya fi faɗar ciwo.

Mai gini ya zo karɓar mabuɗi, aka ce masa an fasa. Shagon yana nan a buɗe har yau. Bango uku babu komai sai inuwar agogunan da suka tafi, da guda ɗaya a ƙurya. Dogo yana zuwa sau ɗaya a mako, amma ba ya faɗar rana. Ya murɗa, ya zauna a benci, ya yi shiru, ya yi musabaha, ya tafi. Akwai mabuɗai cike da gwangwani da za su shiga agogon nan, mai agogo bai taɓa gwada ko ɗaya ba.

In mako ya zo ƙarshe ba a ga Dogo ba, sautin yakan fara ja da baya, lilon yana rage zango. Kunnen kowa ba ya kama wannan sai nasa. Sai ya ajiye hantsaki, ya sa hannuwa a ƙarƙashin tebur, ya zuba wa ƙofa ido. Tela ya taɓa tambayarsa wanne yake roƙo a lokacin, mutumin ya zo ko kada ya zo. Mai agogo ya kara kunne wajen ƙurya, ya daɗe, sannan ya ce, "Yi shiru, ina ji."